Amanar da ke cikin adaka

A gidaje da dama na Maraɗi da Damagaram, da Tawa da Yamai, akwai wata adaka da ba a cika buɗewa ba. Ƙarƙashin tsofaffin zannuwa da takardun fili, akan iske baƙaƙen kaset-kaset na bidiyo, biyu ko biyar ko goma, an rubuta a jikinsu da biro: bikin wance, sunan wane, dawowar Alhaji daga Makka. Kusa da su ga kundin hotuna wanda ledarsa ta manne wa fuskokin mutane. Shekara ashirin ke nan ko fiye rabon da wani ya kalle su, domin na'urar da ke kunna su ta daɗe da mutuwa. Wata rana sai ɗaya daga cikin ƴaƴan gidan, galibi wanda ya yi boko ya zauna birni, ya ce a ba shi kayan nan ya kai wa mai kwamfuta a juye su, kowa ya samu a wayarsa ta salula. Sai a sa masa albarka. Ba safai ake samun wanda zai tsaya ya tambaya ko a cikin wannan aikin alheri akwai abin da ke bukatar shawara ba, alhali kuwa akwai shi.

Da farko dai, yaron yana da gaskiya a kan gaggawa. Zaren kaset wata siririyar leda ce da aka shafe da garin ƙarfe mai ɗaukar maganaɗisu, aka riƙe garin da wani irin danƙo. Danshin damina yana cin danƙon nan sannu a hankali, fumfuna ta hau zaren, zafin bazara ya sa ya lanƙwashe, ƙurar hunturu kuma ta kankare shi duk lokacin da aka kunna. Hotunan kala na takarda su ma suna koɗewa su koma ja-ja ko ruwan ɗorawa, har fuska ta zama inuwa. Ambaliyar da ta afka wa Maraɗi da Damagaram a daminar 2024 ta tuna wa mutane cewa adakar da ke ƙarƙashin gado ita ce ruwa ke fara tararwa. Amma abin da ya fi zaren saurin ƙarewa shi ne na'urar. Kamfanin JVC na Japan ya fito da tsarin VHS a 1976. Shekara arba'in bayan haka, a watan Yuli na 2016, kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar, ya daina. A 2019 hukumar UNESCO, tare da ƙungiyar duniya ta masu adana sauti da hoto, ta yi gargaɗin cewa zuwa wajejen 2025 kunna irin wannan zare zai zama abu mai wuyar gaske, saboda rashin na'urori da kayan gyaransu da masu iya gyaran. Wa'adin ya cika. A yankin kan iyaka akwai ma wata matsala ta daban: talabijin ɗin Nijar ya bi tsarin SECAM na Faransa, na Najeriya ya bi PAL, kuma kaset ɗin da aka naɗa a SECAM idan aka sa shi a na'urar da PAL kaɗai ta sani, sai amarya da ƙawayenta su fito cikin fari da baƙi, anko ɗin da aka sha wahalar zaɓen kalarsa ya tafi a banza.

Saboda haka wanda ya ce a bari sai an samu sarari, ya sani cewa barin ma hukunci ne. Kayan nan suna mutuwa ko an taɓa su ko ba a taɓa ba.

Sai dai juyewa ba ɗauke kaya ba ne daga wannan ɗaki zuwa wancan. Kaset yana da katanga, ko da yake ba wanda ya gina ta da niyya. Abu ne guda ɗaya, mai nauyi, yana gida guda. Wanda yake son ganinsa sai ya zo ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a jira wuta ta zo, a kunna, mai gida ko uwargida tana zaune. Idan an kai wurin da ba a so baƙo ya gani, sai a tura zaren gaba ko a aiki yaro ya kashe. Ko an ara wa wani ya kwafa, kwafin yakan fi na asali dushewa, kwafin kwafi kuma da ƙyar ake gane fuska, don haka abin ba ya nisa sai ya mutu da kansa. Da zarar an mayar da shi lambobin kwamfuta, duk wannan ya rushe. Kwafi na dubu daidai yake da na farko, ba ya tsufa a hanya, ba ya neman izini a ƙofar gida. Minti guda da aka yanka daga tsakiyar biki ya isa ya bar Maraɗi da hantsi ta WhatsApp, ya kwana a Kano da Jidda da Paris, a hannun mutanen da ba su san ko bikin wa ba ne. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Hoton da ya shiga waya ya fi ta wuyar mayarwa.

A ɗauki misali irin wanda kowa ya sani a danginsa. Biki ne na farkon shekarun 1990. A tsakiyar fili wata matashiya tana rawa gaban makaɗa, ɗaurin kallabinta ya zame, ana yi mata liƙi, tana dariya da dukan fuskarta. Ta san ana ɗauka, har ta ɗaga wa mai kyamara hannu. Yau ta haura sittin, ta je Makka, ba ta fita sai da hijabi, surukanta maza suna durƙusa mata. Ba ta yi wani abin kunya ba a ranar nan. Ta yi abin da matan zamaninta suke yi a gidan biki. Amma yardar da ta bayar ta bayar da ita ne ga kaset mai katanga, wanda ta san waɗanda za su gan shi, ta san kuma a gaban wa. Ba wanda ya tambaye ta game da wayar surukinta, domin a lokacin babu wayar. A gefen hoton kuma ga wata mata tana raba goro: matar mai gida ce ta lokacin, an rabu da daɗewa, tana wani gari da wani mijin da wasu ƴaƴan. Ga wani dattijo da ya rasu, wanda a rayuwarsa yakan juya baya in ya ga kyamara, amma ta kama shi yana cin abinci. Ɗan da ya ɗauko kaset ɗin yana ganin kayan gidansu ne. Ledar da garin ƙarfen kam nasu ne. Fuskokin fa?

Wannan tambaya ta riga ta taso a Bamako, a kan babban sikeli. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa na ɗaukar hoto a 1948, ya yi aiki har farkon shekarun 1960 lokacin da gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki. Mutane sukan zo masa da mafi kyawun tufafinsu, ya ara musu agogo ko rediyo ko babur, ya ɗauke su, su biya, su tafi da ƙaramin hoto da za su rataya a ɗaki ko su aika wa dangi a ƙauye. Shi kuma ya adana dubban asalin fim ɗin da kyau. A 1991 aka baje wasu daga cikin hotunan a New York ba tare da sunansa ba, daga nan André Magnin ya bi sawu har ya same shi, a 1994 aka yi masa baje-koli a Paris, kafin rasuwarsa a 2001 ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu hoto na duniya. Aka buga hotunan manya-manya, wasu sun haura mita guda, aka sayar da su da tsada. Ba mai musun cewa an ceci wata taska, kuma Afirka ta yamma ta samu madubin da take ganin kanta a ciki cikin mutunci, saɓanin yadda kyamarar ƴan mulkin mallaka ta saba nuna ta. To amma matar da ta kishingiɗa a kan gadon shagonsa domin mijinta ko masoyinta, yau tana rataye a bangon masu kuɗin wata nahiya, kuma a ƙarƙashin yawancin hotunan babu sunan kowa sai na mai ɗauka. An ceci fuskar an bar mai ita. Abin da ya faru da abokan cinikin Keïta a gidajen baje-koli, shi ne ke faruwa da gwaggo da inna a zauren dangi na waya, bambancin kawai a nan ɗan gida ne ya buɗe ƙofar.

Akwai waɗanda za su ce to ai maganar ta ƙare: a bar kaset ɗin ya ruɓe, ko ma a ƙona shi. Wasu suna faɗin haka saboda kunya, wasu saboda fatawar malaman da ke ƙyamar hoto, wasu kuwa, in za a faɗi gaskiya, saboda akwai fuskar da ba su son jikoki su tambaya ko ta wace ce. Wannan ra'ayi yana da ƙarfinsa, bai kamata a yi masa dariya ba. Mantuwa rahama ce. Al'ummar da ba ta iya mantawa ba ta iya yafewa, kuma zaman dangi ya dogara da abubuwa da yawa da aka bari suka nutse. Amma mai ƙonawa ya yi kuskure irin na mai yaɗawa: shi ma ya ɗauka shi kaɗai ne mai hukunci. A kaset ɗin nan akwai muryar kakar da jikokinta ba su taɓa ji ba. Akwai yadda ake ɗaura zane, da waƙar zabiyar da ta mutu ba wanda ya naɗi muryarta a wani wuri, da fasalin zauren da aka rushe aka yi kanti. Marayan da aka haifa wata biyu bayan rasuwar ubansa, wataƙila nan ne kaɗai zai ga yadda uban yake tafiya. Wanda ya sa wa wannan ashana ya ƙona rabon mutanen da ba a haifa ba tukuna, kuma ba su da bakin kare kansu.

Tarihin silima a Nijar yana da darasi a kan wannan. Lokacin da Jean Rouch ya nuna fim ɗinsa Les Maîtres fous a Paris a 1955, fim ɗin da ya ɗauka a wajen Akara tsakanin ƴan ci-rani daga Nijar masu bautar iskokin Hauka, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin su ma ransu ya ɓaci, domin sun san yadda idon Bature zai karanta mutum yana kumfar baki. Su masu wasan ne suka gayyaci Rouch ya ɗauka. Abin da ba su zaɓa ba shi ne ƴan kallon. Ba a lalata fim ɗin ba. Har yau ana jayayya a kansa, ana zarginsa ana kare shi, kuma jayayyar tana yiwuwa ne saboda fim ɗin yana nan. Da an bi shawarar Griaule, da an kawar da abin kunyar tare da shaidar da ke cikinsa game da yadda talakan Afirka ya kalli gwamna da sojan mulkin mallaka.

Kalmar da ta dace da abin da ke cikin adakar ita ce amana. Mai riƙe da amana ba shi da ikon barinta ta lalace, ba shi kuma da ikon rabar da ita a kasuwa. Duk ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abu biyu da na'ura ta haɗa amma hankali ya kamata ya raba: adanawa da yaɗawa. Maɓalli ɗaya ne ke yin su a waya, shi ya sa ake ganin kamar aiki ɗaya ne. Adanawa wajibi ce, kuma ba ta jira. Yaɗawa kuwa tana bukatar izinin masu fuska, in suna raye, ko na waɗanda suka fi kusa da su in sun rasu. Kuma mai fuska yana da damar ya ce a'a ba tare da ya kawo dalili ba.

Roland Barthes ya nuna cewa wannan rabewa tana yiwuwa. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1977, ya yi ta bincikar tsofaffin hotuna yana nemanta, har ya samu wani da aka ɗauke ta tana ƴar shekara biyar tare da wanta. A kan wannan hoto ya gina rabin littafinsa La Chambre claire, wanda ya fito a 1980, shekarar da shi ma ya rasu. Littafin cike yake da hotunan mutane, amma wannan guda ɗaya ya ƙi bugawa, bisa hujjar cewa ga wanda bai san ta ba, hoton wata yarinya ne kawai kamar kowace. Bafaranshe ne, ba ya cikin tarbiyyar kunya irin ta ƙasar Hausa, amma ya gane abin da ake nufi da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wani hoton darajarsa tana tare da ƙarancin idanun da suka gan shi.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Masu rabon gado ba su taɓa sa kaset a lissafi ba. Yakan zauna hannun wadda ta fi damuwa da shi, galibi babbar ƴa, kuma kowa ya san wurinta za a je. Ranar da aka juye aka tura wa mutum talatin, kowa sai ya saki jiki cewa ai yana wurin wani. Wannan aka sace masa waya, wancan katin ajiyarsa ya lalace, na uku ya goge don ya samu fili, faifan DVD da aka buga ya ƙi buɗewa bayan ƴan shekaru. Kaset ɗin asali kuma an ba yara suna jan zarensa a tsakar gida, tunda an ce ya gama aiki. Kaset in ya fara lalacewa yakan nuna alama, hoto ya yi rawa, sauti ya shaƙe, amma ana ganin wani abu. Fayil kuwa ko ya buɗe ko ya ƙi. Shi ya sa masu aikin adana kayan tarihi suke ajiye kwafi fiye da ɗaya a wurare daban-daban, suna sabunta ma'ajin lokaci-lokaci, kuma ba su jefar da na asali. Dangin da ba su naɗa mutum guda mai kula ba, sun musanya mutuwar sannu da mutuwar farat ɗaya.

Haka nan ya kamata a san cewa juyewa ba ta da gajeriyar hanya: kaset na awa uku, awa uku yake ci, yana tafiya a gaban mai shago da yaransa da duk wanda ya shigo gyaran waya. Bayan an biya an tafi, kwafi yakan rage a kwamfutar shagon sai in an tsaya an ga an goge shi. Mutumin da ba zai yarda baƙo ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa ba, yakan miƙa bikinta gaba ɗaya ya ce zai dawo jibi.

Saura abin da na'ura ba ta iya juyewa. Aflatun, wanda ƴan lakwal suka sani da Platon, ya kawo labarin wani sarkin Masar da aka gabatar masa da rubutu a matsayin maganin mantuwa, sai sarkin ya ce wannan abu zai sa mutane su daina wahalar riƙewa a ka, su dogara da alamun da ke waje. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, kuma da yabo suke faɗi, amma karin maganar tana da wata fuskar. Kafin kaset, bikin wance labari ne da ake bayarwa da dare, da wanda ya zo da wanda ya ƙi zuwa da dalilin ƙin, da rigimar da aka kashe a ɗakin girki. Kyamara ba ta ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta ɗauki fuskoki ɗari biyu suna wucewa, ba ta san sunan kowa ba. Matashin da ya samu fayil ɗin a wayarsa zai ga taron baƙi cikin tufafin da ke ba shi dariya. Sunayen suna kan tsofaffi biyu ko uku, waɗanda za su iya cewa wannan mai shuɗin mayafin ƙanwar kakanka ce da aka aurar Tasawa, wancan kuma shi ya riƙe ubanka lokacin da ya zo karatu. Su ma suna da wa'adi, kuma ba hukumar da ta sanar da shekararsa.

A nan ne nauyin biyu, na ceto da na sutura, suke haɗuwa a zama guda. Idan an karɓo fayil daga shago, kafin ya shiga wayar kowa, wurin da ya kamata ya fara zuwa shi ne ɗakin tsofaffin nan. A kunna musu, a tsayar duk inda suka ce a tsaya, wani ya riƙe biro da littafi yana rubuta suna da minti, ko a naɗi muryarsu suna bayani. A wannan zaman ne hajiyar da ta yi rawa za ta ga kanta bayan shekara talatin. Mai yiwuwa ta rufe fuska ta ce kada kowa ya gani muddin tana numfashi. Mai yiwuwa ta yi dariya har hawaye, ta ce a kira jikokinta mata kawai. Mai yiwuwa ta ba kowa mamaki ta ce a tura wa duniya, ai ta iya rawa. Duk wadda ta faɗa, ita ce hukunci, kuma sai a rubuta ta a littafin kusa da sunanta. Matar da aka rabu da ita kuwa, wadda ke raba goro a gefen hoton, ba ta cikin ɗakin, ba kuma za a gayyato ta ba. Tana da ɗa a gidan, wanda ke zaune a bakin ƙofa yana kallo, kuma shi ne ya san hanyar garin da take.